Ganyen da Babu Mai Cinsa

Lokacin da na shiga shekarar ƙarshe ta karatun digirina na farko a fannin nazarin halittu, ina da wata fahimta da ban taɓa tsayawa na tuhume ta ba, wato duk inda ido ya ga kore to akwai rayuwa, kuma itacen da ganyensa ya fito sumul, babu huda babu tabo, shi ne itacen da ya fi amfanar ƙasar da yake tsaye a kanta. Binciken kammala karatuna ne ya raba ni da wannan fahimta, kuma bai raba ni da ita cikin sauƙi ba, domin itacen da binciken ya faɗa a kansa shi ne wanda na fi ƙauna tun ina ƙarami, wato dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya, wasu bedi, wasu kuma maina. Na ga ya dace in rubuta yadda abin ya kasance da ni, musamman saboda ɗaliban da ke gudun binciken da zai fitar da su daji, kamar yadda ni ma na so in gudu.

Burina a lokacin shi ne a ba ni aikin da zan yi a ɗakin gwaje-gwaje, in sa farar riga, in gama cikin 'yan makonni. Da aka liƙa sunayenmu sai na tarar an haɗa ni da wani malami da ya ƙare rayuwarsa a kan nazarin ƙwari, kuma ban ɓoye wa abokaina rashin jin daɗina ba. Ranar da na fara zuwa wurinsa bai ba ni takarda ko ɗaya ba. Ya fita da ni bayan ofishinsa, ya tsinko ganyen dogon yaro, ya tsinko na magarya, ya ɗora mini su a tafin hannu, ya ce in gaya masa wanne ne lafiyayye. Na nuna na dogon yaro ba tare da wani tunani ba, domin na magaryar duk ya sha huda, gefensa a gaigaye. Sai ya ce: “Wannan da ka ce ya lalace, cin sa aka yi. Ina so ka gano mini wa ya ci shi, sannan shi wanda ya ci shin wa ya cinye shi. In ka gama, ka dawo kan wannan da babu wanda ya taɓa, ka gaya mini abin da hakan ke nufi.” Na ce, “Malam, shi ke nan binciken?” Ya ce shi ke nan, kuma ba ya jin shekara guda za ta ishe ni.

Makonnin farko karatu na yi, kuma a nan ne na fara gane nauyin tambayar. Tsiro ne babban mai kama hasken rana a doron ƙasa ya mayar da shi abinci, amma mafi yawan tsuntsaye da ƙadangaru da kwaɗi da jemagu ba sa iya rayuwa a kan ganye. Dole sai an samu wanda zai ci ganyen ya mayar da shi tsoka, sannan su kuma su ci shi, kuma babban mai wannan aiki shi ne ƙwaro, musamman tsutsotsin da ke rikiɗa su zama malam-buɗe-littafi da danginsa na dare. Tun a 1942 wani matashin masani a Amurka, Raymond Lindeman, ya bayyana cewa ɗan kaɗan ne daga ƙarfin abincin da ke mataki ɗaya na wannan jeri yake hayewa zuwa mataki na sama, abin da aka saba kimantawa da kusan kashi 10 cikin ɗari. Saboda haka idan matakin farko na masu cin ganye ya yi rauni, abin da zai kai ga na sama ba zai taka kara ya karya ba. Wannan alaƙa ta wane ke cin wane ita ce ake kira saƙar abinci, kuma an kira ta saƙa ne domin zarenta ba ɗaya ba ne, kowane zare yana ɗaure da wasu da yawa.

Abu na biyu da na koya ya fi girgiza ni. Ashe ƙwaro ba ya cin duk ganyen da ya samu. Kowane tsiro yana da makaminsa na sinadari, wani ɗaci, wani dafi, wani ƙaro mai liƙe baki, kuma mafi yawan ƙwarin da ke cin ganye sun iya jure makamin dangin tsirrai 'yan kaɗan ne kawai, waɗanda suka zauna tare da su tsawon zamani. Wasu masana biyu, Paul Ehrlich da Peter Raven, sun yi bayanin wannan a 1964 ta hanyar nazarin malam-buɗe-littafi da tsirran da tsutsotsinsa ke ci. Misalinsa yana nan kusa da kowa a jikin tumfafiya, wadda farin ruwanta ke da dafin da ke taɓa zuciya, amma akwai wata tsutsa mai zane-zanen baƙi da fari da rawaya da ke cin ganyenta, ta tara dafin a jikinta, har tsuntsaye su riƙa ƙyamar ta ita da malam-buɗe-littafin da take zama. To idan aka ɗauko tsiro daga wata nahiya aka dasa shi a wata, ya baro masu cinsa a can, ya zo da makamin da ƙwarin nan ba su san shi ba. Wannan yana daga cikin dalilan da ke sa wasu baƙin tsirrai su yi ƙarfi fiye da kima su mamaye wuri. Rahoton da kwamitin masana na duniya kan halittu, IPBES, ya fitar a 2023 ya ce fiye da nau'in halittu 37,000 ne ɗan'adam ya kai wuraren da ba nasu ba suka zauna, fiye da 3,500 daga ciki suna yin ɓarna, kuma suna da hannu a kashi 60 cikin ɗari na halittun da aka san sun ƙare a duniya.

Da na zo kan dogon yaro sai na ga kusan babu itacen da ya fi shi dacewa da wannan tambaya. Asalinsa yankin Indiya ne, an kawo shi Afirka ta Yamma a farkon ƙarni na 20, aka yaɗa shi saboda inuwa da jure fari da saurin girma. A 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan lokacin da fara ta sauka, ya lura ta cinye kusan duk wani kore amma ta bar dogon yaro. A 1968 aka ware sinadarin da ke jawo haka daga 'ya'yan itacen, wanda ake kira azadiraktin, wanda ke hana ƙwaro sha'awar ci, ya kuma hana shi saɓa fata yadda zai girma. Na karanta wannan ina alfahari da itacen, domin a lokacin abin da na gani kawai shi ne itacen da ya gagari fara. Ban riga na tambayi kaina ba, idan ya gagari fara, to ina tsutsar da tsuntsu zai kai wa 'ya'yansa.

Wurin da muka zaɓa wani gandun daji ne da aka killace shekaru da yawa. A gefe ɗaya an taɓa dasa dogon yaro a jere, daga baya ya bazu da kansa ya shige ciki, a ɗaya gefen kuma itatuwan asali ne suka fi yawa, irin su gawo da bagaruwa da aduwa da magarya da kalgo da sabara. Hanyar aikin ba ta da wuya a baki. Ana shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashin reshe, a bugi reshen da sanda adadin da aka ƙayyade, a tsince duk abin da ya faɗo, a zuba masu taurin jiki a kwalba mai itanol, wato ruwan sinadarin da ke hana su ruɓewa, tsutsotsi kuma a ajiye su da ransu tare da ganyen da aka same su a kai. Sharaɗin shi ne kowane itace a yi masa daidai da abin da aka yi wa ɗan'uwansa, tsayin reshe ɗaya, yawan bugu ɗaya, lokaci ɗaya. Mai gadin gandun, wani dattijo da nake kira Baba, shi ya riƙa riƙe mini gefen ƙyallen, kuma ba na jin binciken zai kammalu ba don shi ba.

Kurakuraina na farko uku ne, kuma kowanne ya koya mini abin da ba a rubuta a littafi ba. Na fara fita ne da hantsi bayan na gama darasi, na yi kwanaki ina bugun rassa ina samun ƙyalle kusan fayau a kan kowane itace, har na fara zargin hanyar ce ba ta aiki. Baba ne ya ce mini, “Ɗana, kai ma da ranar nan inuwa kake nema. In su kake so, ka zo kafin raɓa ta bushe.” Na biyu, na sa gawo cikin jerin itatuwan da zan gwada da damina, na manta cewa gawo ya saɓa wa sauran itatuwa, yana zubar da ganye idan ruwa ya sauka, ya yi sabo idan rani ya kama. Na tsaya a gindinsa da sanda a hannu babu ganyen da zan buga. Na uku shi ne ya fi yi mini ciwo. Na rubuta lambobin kwalabe da biro a kan 'yan takardu na jefa ciki, bayan kwanaki na buɗe akwati na tarar itanol ya wanke tawadar, kwalabe cike da ƙwari amma babu wadda na san daga wane itace ta fito. Na so in yi kirdado in mayar da lambobin bisa abin da nake tunawa. Malam ya ce in zubar da su duka in sake daga farko da fensir, domin ƙwaron da ba a san inda aka kama shi ba, ba shaida ba ne. Na yi baƙin cikin makonnin da suka salwanta, amma a yau ina ganin wannan hukunci shi ne abu mafi daraja da ya yi mini.

Da na koma fita da asuba sai daji ya buɗe mini. Ba zan manta safiyar farko da na bugi reshen bagaruwa ba, na ga ƙyallen yana motsi. Ga korayen tsutsotsi masu tafiya suna lanƙwasa baya kamar masu awon ƙasa, ga gizaka mai gashi, ga ƙananan ƙwari masu sulke, ga 'ya'yan fara, ga darɓa da tururuwar da ke kiwonta, sannan ga masu farautarsu, gizo-gizo iri-iri da ɗan ƙoƙi-ƙoƙi da bai kai tsawon farce ba. Sai da na durƙusa ina tsinta da sauri kafin su tsere. Magarya ma haka, aduwa ma ba ta baya ba. Daga nan muka taka 'yan taku zuwa dogon yaro, wanda ya fi su duka cikar ganye da duhun inuwa, na buga daidai adadin da na yi wa sauran. Busassun ganye suka faɗo, da tururuwa 'yan kaɗan, da gizo-gizo ɗaya. Na matsa wani itacen, na sake matsawa wani, abin bai canza sosai ba. Mako ya bi mako, shafukan itatuwan asali suna cika, na dogon yaro suna nan da sarari.

A nan ne na aikata abin da ya zama dole in faɗa, tunda shaida nake bayarwa. Raina bai so dogon yaro ya sha kaye ba. A inuwarsa na yi karatuna na ƙuruciya, kuma ina jin kamar cin amana ne in rubuta da hannuna cewa bai tsinana wa ƙwari komai ba. Sai na lura ina ƙara masa bugu biyu ko uku a kan ƙa'ida, ina kuma daɗewa a kan ƙyallensa ina laluben ko da ɗan mitsitsin abu. Ban yi niyyar ƙarya ba, amma hannuna ya karkata. Na kwana biyu abin yana damuna, sannan na je na gaya wa Malam. Bai yi faɗa ba. Ya sa na ja layi a kan bayanan waɗannan ranaku, ya ce daga yau Baba ne zai riƙa ƙirga bugun da ƙarfi, in ya kai adadi in ajiye sanda. Ya ƙara da cewa son itace ba laifi ba ne ga mai bincike, laifin shi ne ya bar son ya riƙe masa sanda. Na daɗe ina tunanin yadda mutum zai iya gurɓata sakamako alhali yana ganin kansa mai gaskiya.

Sashen aikin da ya fi shiga raina shi ne renon tsutsotsi. Yawancinsu ba a iya gane nau'insu sai sun rikiɗa, don haka kowace na sa ta a kwalbarta, na rufe bakin da yanki mai raga, kullum ina canza mata ɗanyen ganye ina share kashinta. Malam ya ce in gwada ba wa wasu daga cikin na bagaruwa ganyen dogon yaro. Suka hau shi, suka zagaya, wasu suka ɗan gutsura suka bari, suka zauna da yunwa ga ganye shar a gabansu har na tausaya na mayar musu da nasu. Wata safiya kuma na duba wata kwalba ina jiran malam-buɗe-littafi, sai na tarar tsutsar ta sandare, jikinta lulluɓe da wasu fararen ƙwanso ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Na ɗauka cuta ce, na kai wa Malam. Ya ce in mayar in jira. Bayan kwanaki sai ga wasu ƙananan ƙwari dangin zanzaro, kowanne bai fi kan allura da yawa ba, suna yawo a cikin kwalbar. Uwarsu ta riga ta saka ƙwai a jikin tsutsar tun tana kan itace, 'ya'yan suka girma a cikinta. Da na sa ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma na ga jijiyoyin fukafukansa da ƙahonnin jinsa, sai na yi tasbihi. A kwalba ɗaya na ga matakai uku, ganye da mai cinsa da mai cin mai cinsa. Kuma na fahimci cewa waɗannan ƙananan halittu su ne ke rage yawan tsutsotsin da ke ɓata amfanin gona, don haka wurin da babu tsutsar daji da za su rayu a kanta, su ma babu su.

Saura tsuntsaye. Ba ni da kayan kama su, amma akwai wata dabara mai sauƙi da masana ke amfani da ita a ƙasashe da yawa, wato a murza koriyar laka ta roba irin wadda yara ke wasa da ita a yi siffar tsutsa, a liƙa a kan rassa, a dawo bayan kwanaki a duba tabon da ke jiki. Bakin tsuntsu yana barin tsaga mai kusurwa, tururuwa tana barin ƙananan ɗigo, haƙoran ƙadangare kuma suna barin layi mai lanƙwasa. Na liƙa adadi ɗaya a kowane irin itace. Waɗanda ke kan itatuwan ƙaya na riƙa samun su da saran baki, wasu ma an fizge su gaba ɗaya sai wayar da na ɗaure su da ita. Na kan dogon yaro da yawa na same su yadda na bar su. Tsuntsaye suna sauka a kansa, suna hutawa, wasu suna kwana, amma ba can suke zuwa farauta ba, domin sun san inda abinci yake.

Na roƙi a ƙara mini lokaci in kai binciken cikin rani saboda gawo, kuma a nan na ga abin da ya cika mini hoton. Lokacin da ciyawa ta bushe, sauran itatuwa suka kaɗe, gawo ya yi sabon ganye ya yi fure, kuma ƙyallen da na shimfiɗa a ƙarƙashinsa ya cika fiye da duk abin da na gani da damina. A cikin rassansa kuma ga wasu ƙananan tsuntsaye masu launin ƙasa-ƙasa suna ta tsince-tsince ba hutawa, waɗanda Baba ya ce baƙi ne, da sanyi suke zuwa, kafin damina su tafi. Gaskiya ya faɗa, domin daga Turai suke tasowa su ƙetare Sahara su yi watanni a yankin Sahel. Daga baya na samu aikin wasu masana 'yan ƙasar Holan ƙarƙashin Leo Zwarts, da aka buga a 2015, waɗanda suka yi shekaru suna ƙirga tsuntsaye itace bayan itace a Afirka ta Yamma, suka ga tsuntsaye masu cin ƙwari sun taru ne a kan nau'in itatuwa 'yan kaɗan, galibi masu ƙaya irin gawo. Bayaninsu shi ne itacen da ya kare kansa da ƙaya daga manyan dabbobi ba ya cika ganyensa da dafi sosai, don haka ƙwari suna samun ci. A can Amurka ma, Desirée Narango da Douglas Tallamy da Peter Marra sun bi wani ƙaramin tsuntsu a unguwannin birnin Washinton, suka buga a 2018 cewa inda baƙin tsirrai suka wuce kashi 30 cikin ɗari na tsirran wuri, tsuntsun ba ya iya raya 'ya'yan da za su maye gurbin iyayensu. Na karanta wannan ina tuna shafukan littafina, na ga abu ɗaya ne ke faruwa a nahiyoyi biyu da itatuwa daban.

Amma ba zan ce komai ya tafi a kan layin da na zata ba. Lokacin da dogon yaro ya yi fure na same shi yana gunji da ƙudan zuma, lokacin da 'ya'yansa suka nuna kuma tsuntsaye masu shan 'ya'yan itace da jemagu suka yi masa caa. Akwai ma wani ƙwaro mai ɓawo mai tsotsar ruwan itace, shi ma asalinsa Asiya, da ya taɓa yi wa dogon yaro ɓarna a yankin Tafkin Chadi a shekarun 1980. A ɗaya ɓangaren kuma, ba kowane itacen asali ne ya cika mini ƙyalle ba, wasunsu ba su fi baƙon da yawa ba. Wannan ya hana ni faɗin abin da ya fi sauƙin faɗa, wato ɗan gida alheri ne baƙo sharri ne. Abin da na gani shi ne baƙon tsiro ba ya barin saƙar abinci babu kowa, sai dai ya tsinka wasu zaruruwa ya ƙulla wasu, kuma wanda ya ci moriyar sabon ƙullin ba lallai ya zama wanda muke so ba. A ƙasar Mali, a yankin Bandiagara, wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna sauron zazzaɓin cizon sauro yana samun abinci a lokacin rani daga furen wani baƙon itacen ƙaya ɗan asalin nahiyar Amurka mai suna furosofis, kuma a ƙauyukan da aka sare rassansa masu fure yawan sauron ya ragu da fiye da rabi. A Kenya kuma, wani aiki da aka buga a 2024 ya nuna wata baƙuwar tururuwa ta kori tururuwar da ke kare wasu itatuwan ƙaya daga giwaye, giwaye suka karya itatuwan, fili ya buɗe, zakuna suka rasa maɓoyar da suke kama jakin dawa, suka koma farautar ɓauna. Tun daga tururuwa har zuwa zaki, zare ɗaya ne aka ja.

Ranar kare bincikena, ɗaya daga cikin malaman da ke zaune ya rufe kundin ya dube ni ya ce, “To yanzu so kake a sare dogon yaro ke nan?” Na riga na yi wa kaina wannan tambaya sau da yawa. Na ce masa, “Ranka ya daɗe, a'a. Itacen da ya ba mutane inuwa a inda wasu itatuwa suka kasa, ya tare iska, ya riƙe ƙasa, ba abin rainawa ba ne.” Na ce abin da bincikena ya nuna shi ne inuwa daban, ciyarwa daban, kuma idan aka ƙirga nasarar dashen itatuwa da yawan kore kawai, ana iya cika wuri da ganye alhali tsuntsayensa suna raguwa. A bakin hanya da harabar gini dogon yaro yana da gurbinsa, amma a gandun daji da bakin kogi, inda yake tsirowa da kansa yana danne 'ya'yan gawo da bagaruwa da inuwarsa, a can ya zama mai mamaya, kuma hukumomin arewacin Ostireliya sun riga sun sa shi cikin jerin tsirran da doka ta ce a hana su yaɗuwa. Na ce idan za a raba dashe, to a sa itatuwan da ƙwari ke ci a ciki da yawa, a kuma daina kallon hudar ganye a matsayin cuta. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni sau nawa na maimaita awon a kowane itace, muka ci gaba da maganar lissafi.

Akwai abu ɗaya da ban sa a kundin ba, domin a makon ƙarshe na lura da shi. Ina naɗe ƙyallena a gindin wani babban gawo, wanda ya fi kowane itace ba ni ƙwari, sai na ga ƙasan cike da ƙananan tsirrai masu ganye kamar haƙoran zarto. 'Ya'yan dogon yaro ne, birjik, alhali babu uwarsu a kusa. Na kira Baba na nuna masa. Ya ɗaga kai ya nuna mini rassan da tsuntsaye ke sauka, ya ce su ne suke shan 'ya'yan a can su zo nan su yar da ƙwallon. Wato itacen da ya fi tara tsuntsaye shi ne ya fi tara irin wanda zai gaje shi, kuma 'ya'yan dogon yaro suna jure inuwa, suna jira, yayin da ɗan gawo ba ya tashi sai a sarari. Na duba ko'ina a gindin ban ga ɗan gawo ko ɗaya ba.

Na nemi izinin masu kula da gandun, kuma tun daga wannan shekara nake komawa duk farkon damina, lokacin da ƙasa ta yi laushi saiwa ke fita gaba ɗaya, in tuge 'ya'yan dogon yaron da ke gindin manyan gawon, in kewaye duk ɗan gawo ko bagaruwa da na samu a sarari da ƙaya don kada awaki su cinye shi. Yanzu da ni ma nake karantarwa, da ɗalibaina nake zuwa. Kowa yana zuwa da farin ƙyallensa da sanda da fensir, muna isa kafin raɓa ta bushe, kuma kafin a buga reshe ko ɗaya nakan tsinko ganye biyu in ɗora wa na kusa da ni a tafin hannu in tambaye shi wanne ne lafiyayye.